Labulen Bambo Matewere

Duk wanda ya taɓa shiga zauren majalisar Kalambule, ko takardar fili ce ta kai shi ko ƙarar maƙwabci, ya san labulen nan. Yana jikin bango daga hannun dama in ka shigo. Ɗan ƙarami ne, bai fi faɗin tire biyu ba, ga igiya mai tuntu tana reto a gefensa. Wanda ya san labulen kuma ya san muryar da ke tare duk hannun da ya miƙu wajensa.

"A'a, a'a, Bambo. Ba a buɗe ba tukuna."

Muryar Lyson Matewere ke nan, babban masinjan hukuma, wanda ake kira Bambo Matewere, wato Malam Matewere a yaren garin. Shekara ashirin da uku yana faɗar wannan magana, bai taɓa ɗaga murya ba, bai kuma taɓa makara ba.

Gadon aikin ya yi. Mahaifinsa masinja ne a tsohuwar boma, ofishin jan bulo da Turawa suka gina a gindin mangwarori. Tsohon yakan kafa jar dara, ya sa gajeren wando mai kari kamar bakin wuƙa, ya ɗauki wasiƙa ya yi tafiyar kwana biyu a ƙasa ya kai ta. Karatu ɗaya ya bar wa ɗansa: masinja a rufe yake ɗaukar abu, a rufe yake kai shi, buɗewa ta mai suna ce. Lyson ya kama aiki a wannan bomar a 1979, lokacin Turawa sun daɗe da tafiya sun bar wa jemagu silin. In damina ta sauka akawuna kan ja tebura tsakar ɗaki su jera bokitai, shi kuwa aikinsa na farko kowace safiya shi ne shanya fayil a baranda, ya tsaya da sanda yana gadi, don awakin Kalambule sun fi son takardar haraji a kan ciyawa.

A ƙarshe dai aka gaji. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, ba a neman ra'ayin kowa, sai aka ce kowane gida ya buga bulo ɗari biyar za a gina sabon zaure. Lyson da matarsa Nachisale suka buga nasu, ya ƙara hamsin ko da wasu za su fashe. Zaure ya tashi fari fat, da rufin kwano. Aka kawo allon tagulla daga Blantyre ɗauke da sunan wanda zai buɗe, Onarabul Likongwe, ƙaramin minista a lokacin, da ranar buɗewa: Asabar, sha biyu ga Fabrairu, 1994. Che Ndembo tela ya ɗinka labule da jan karammiski. Lyson ne ya rataye shi da hannunsa ana gobe biki.

Rana ba ta ƙarya. 'Yan makaranta suka jeru tun da safe, mata suka ɗaura zanen jam'iyya, aka yanka awaki uku. Abin da ba a sani ba shi ne ruwan da aka kwana ana tafkawa a kan duwatsu ya sauko ya yi awon gaba da gadar shiga gari. Wajen ƙarfe ɗaya waɗanda suka je bakin kogi suka dawo suka ce sun hango wani mutum da kwat a ƙetare, tsaye kusa da baƙar mota, yana ɗaga musu hankici. Aka ce an ɗage biki. Aka cinye awakin, tun da nama bai san ɗagewa ba.

Wata uku bayan haka aka yi zaɓe, gwamnati ta juya kamar waina. Sababbin masu mulki suka tambayi sunan wa ke bayan labulen, da aka faɗa musu suka ce su ba su ga wani allo ba. Ma'aikata dai suka kwaso tebura daga boma suka tare, don jemagu sun riga sun ci wancan yaƙin. Kansilolin da aka zaɓa a 2000 sun yi zama huɗu kan wa zai ja igiyar. Shugaba ya ce shi, mataimaki ya ce ai ginin a mazaɓarsa yake, aka kafa kwamiti, wa'adinsu ya ƙare kwamiti bai kawo rahoto ba. Sai aka shiga shekarun nan tara da aka zauna babu kansila ko ɗaya, zauren ya koma wurin biki da taron coci da awon jarirai. Waɗanda aka zaɓa a 2014 kuwa akasarinsu yara ne, sun ɗauka mitar lantarki ce a bayan labulen, har wani ya yaba wa hukuma da ta san darajar mita.

Shi dai Bambo Matewere kowace Litinin sai ya kakkaɓe labulen da gashin kaza. Farkon wata ya karɓo man keken ɗinki wurin Che Ndembo ya ɗiɗɗiga wa zobban, ya cusa kafur a lanƙwasar ƙasa saboda asu. Duk wannan yana yi yana kau da kai, kamar mai gaisawa da suruka.

Gari kuwa bai tsaya jiransa ba. An gina kasuwa, an gina kotu, an gina ɗakin karatu da bayan gida na tasha mai ƙofa shida. Kowanne da allonsa, kowanne sai an yaye, labulen hukuma kuwa ɗaya ne tak, shi ma yana bakin aiki. Da haka zannuwan Nachisale suka shiga aikin gwamnati. Mai zanen abarba shi ya buɗe kasuwa. Mai tsuntsaye ya buɗe kotu. Na bayan gidan tasha ne har yau ba ta yafe ba.

"Zanen da nake zuwa coci da shi, Baban Tadala!"

"Ai har a jarida ya fito."

"Shi ne abin baƙin cikin. Duk Lahadin da na ɗaura sai wata ta tambaye ni ko akwai layi."

Che Ndembo kuwa kekensa na barandar kanti daura da zauren. Shi ɗan ƙabilar Yao ne, Matewere ɗan ƙabilar Ngoni, wasa ne tsakaninsu tun kakanni, don haka ba a wuce shi salin alin.

"Mijin labule, an tashi lafiya? Yaya amarya?"

"Ta fi ɗinkinka lafiya, tsoho mai karkatacciyar allura."

"Kai, ka iya bakinka, da surukinka kake magana. Ni na ɗinka ta, ni ne ubanta. Shekara ashirin da uku ko kazar gaisuwa ban gani ba."

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da aka gama sabuwar sakatariya a kan tudu, bene mai hawa biyu, gilashi ta ko'ina. An sa Juma'a za a buɗe ta. A safiyar wannan Juma'ar kuma za a miƙa tsohon zaure ga sashen noma su mai da shi sito na takin zamani. Ƙarshen watan ne Matewere zai yi ritaya.

Ranar Litinin, yana tsaka da kakkaɓa, sakatariyar hukuma ta kira shi. Mayi Msowoya ke nan, wato Malama Msowoya, 'yar arewa, wata huɗu da zuwa garin, mai saurin tafiya da waya biyu a hannu.

"Bambo Matewere, labulen can nake so a kai sama kafin Juma'a."

"Wanne, Mayi?"

"Labule nawa gare mu?"

"Akwai mai abarba, akwai mai tsuntsaye, sai kuma..."

"Ban da zane. Masu tsara ziyarar babban baƙo sun aiko, sun ce sun ga hotunanmu na baya, kada su sake ganin zane. Na tambaya, babu mai karammiski a garin nan. Ka ciro wancan."

Matewere ya mai da gashin kazar bayansa, ya tsaya ƙiƙam.

"Mayi, in na cire shi na buɗe zauren ke nan."

"Wane zaure? Wannan da nake zaune a ciki?"

"Kina zaune ne kafin a buɗe."

Ta ajiye waya ɗaya. Ta dube shi, ta ajiye ta biyun. Ya ba ta labari tun daga bulo har gada, a tsaye, bai tsallake ko akuya ɗaya ba. Da ya gama ya ce in ta yarda a tara mutane ita ta ja igiyar, ai ita ma babba ce.

"Ni? In buɗe gini ran Alhamis in miƙa shi ga buhunan taki ran Juma'a? So kake a yi mako ana wasa da ni a rediyo? Je ka wurin shugaban majalisa."

"Na je bara, Mayi. Ya ce sunan da ke jiki ba na jam'iyyarsa ba ne."

"Sunan wa ke jiki?"

"Onarabul Likongwe."

"Yana da rai?"

"Ban ji an ce ya rasu ba."

Ta yi dariya har da dafa tebur. Sannan ta gyara fuska, don ita ma tana da na sama da ita.

"Ji nan, Bambo. Ina ganin girmanka, amma Alhamis in an tashi aiki labulen nan na jikin bango, ni da kaina zan fizge shi in sa a jaka. Ka ji ko?"

"Na ji, Mayi. To a ba ni wasiƙa."

"Ta me?"

"Ta sake sa rana. An ce an ɗage, ba a ce an fasa ba."

Ita dai ta ɗauka hanyar rabuwa da shi ce. Ta jawo takarda mai tambarin hukuma ta rubuta layi biyu: bikin da aka ɗage ranar sha biyu ga Fabrairu 1994 za a yi shi Alhamis mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a yi haƙuri da jinkiri. Ta sa hannu, ta doka hatimi, ta liƙe. Ya shigar da ita littafin kai saƙo, ya sa a aljihun ƙirji ya ɓalla maɓalli.

Da rana Nachisale ta ajiye masa tuwon masara da ƙananan kifi, ya zauna yana kallon kwano har tuwo ya yi ɓawo.

"Don Allah, Baban Tadala, ka ja abin nan ka huta. Wa zai gan ka?"

"Ni."

"Oho. Kai da kanka za ka kai ƙarar kanka?"

"Nachisale, bulonmu ɗari biyar da hamsin na cikin bangon nan. Kina da cikin Tadala kika yi ta jido ruwa. So kike a zuba taki a ciki ba a taɓa cewa ga shi an buɗe ba? In yi ritaya jikoki su tambaye ni ina na yi aiki, in ce musu a wurin da ake jira?"

Ta janye kwanon ta ɗumama, ta dawo ta dire masa. Da la'asar ya ga ta hura gawayi tana goge masa kakinsa, tana danna dutsen guga kamar wandon ne ya yi mata laifi.

Talata ta tafi wajen cigiya. Wani direban motar masara ne ya ce ya san ƙauyen, can bayan duwatsu, in ka sauka daga bas sai ka hau keken haya. Laraba da hantsi Matewere ya isa, ƙura har gira. Aka nuna masa gida. A gindin bishiya ya tarar da wani tsoho da yagaggiyar singileti yana ɓarar gyaɗa, yana jifan kaji da ɓawo. Matewere ya kakkaɓe kaki, ya haɗe ƙafa, ya sara.

"Onarabul!"

Tsohon ya waiga bayansa ya ga ba kowa sai kaji.

"Da ni kake? Yaro, rabona da jin wannan suna tun kana da gashi."

"Wasiƙa daga hukumar Kalambule, Bwana, ranka ya daɗe. A sa hannu a nan."

Ya goge hannu a gwiwa ya sa hannu, wani irin sa hannu mai jela da ya ci layi uku. Ya farke ambulan, ya miƙar da takardar iyakar tsawon hannunsa, ya karanta. Ya sake karantawa. Sannan ya ɗago.

"Kun gyara gadar?"

"An gyara, Bwana. Sau uku."

"To me ya hana ku gaya mini?"

Matewere shi ma tambayar da yake yi ke nan tun 1994.

'Yar tsohon ta fito daga madafi da ludayi a hannu, ta ji abin da ake ciki, ta ce sam. "Baba ba ya zuwa ko'ina. Mutumin da coci ma sai an riƙe shi?"

"Ke, ɗauko mini akwatin ƙarfe."

"Baba..."

"Akwatin ƙarfe na ce, ba wa'azi ba."

A ƙasan akwatin, ƙarƙashin kwat mai warin kafur, akwai takardu tara da aka buga da tafireta, sun yi ja kamar ganyen taba. Ya shafa su.

"Kwana huɗu na yi ina rubuta wannan. Na buɗe asibiti, na buɗe makarantu, na buɗe wurin wankan shanu, ban taɓa rubuta jawabi kamarsa ba. Na tsaya a bakin kogin nan awa uku da shi a aljihu, har na yi niyyar in karanta wa kifaye. Bayan zaɓe kuwa ko kwalbar lemo ba wanda ya sake kira na in buɗe." Ya dubi 'yarsa. "A wanke mini takalma."

Ta juya kan Matewere da ludayin. "Kai Bambo, ka dawo mini da shi kafin rana ta faɗi. In ya yi tari ɗaya, har Kalambule zan biyo ka."

Nan ya kwana. Alhamis da sassafe keke biyu suka gangaro daga duwatsu, Onarabul a bayan na gaba, kwat ta yi masa yawa har kafaɗunta sun sauko damtse, ya rungume jawabi a ƙirji. Bas ta sauke su tara da rabi.

Kujerun zauren duk an riga an kwashe zuwa tudu. Amma Che Ndembo, da Matewere ya tsegunta wa kafin ya tafi, bai kwana da labarin a cikinsa ba. Matan kasuwa sun bar tumatir a hannun maƙwabta sun zo, tsofaffin da suka buga bulo sun zo da sanduna, wani ya aro gangar coci, shi kuma tela ya kawo bencinsa da kujerar kekensa aka ɗora mata matashi don babban baƙo. Wasu da suka yi jere a rana suna 'yan aji uku ran da gada ta tafi, yau ga su da 'ya'ya a goye.

Mayi Msowoya ta sauko daga tudu kwasar sauran fayil, mota ta kasa shiga harabar.

"Bambo Matewere! Me ke faruwa a nan?"

"Wasiƙarki ce, Mayi. Ga sa hannunsa."

Ta dubi littafin, ta dubi tsohon da ke kan kujerar tela yana gyara wuyan kwat. Ta kashe waya ɗaya, ta kashe ɗayar, ta je ta rusuna.

"Sannu da zuwa, Bwana. An sha hanya."

"Hanyar ba laifi, 'yata. Gayyatar ce ta ɗan daɗe."

Ƙarfe goma daidai Matewere ya buga ƙarfen taya da ke rataye a baranda, aka yi tsit. Onarabul ya miƙe, ya yi gyaran murya, sai ga wata murya ta fito daga cikin kwat ɗin nan da ba wanda ya zaci tana ciki. Shafi biyu na farko kirari ne ga manyan wancan zamani. Ya duba, ya lashi yatsa ya tsallake.

"Waɗannan duk sun riga mu," ya ce, "ba sa buƙata."

Ya shiga alkawura. Ya ce nan da shekara biyu za a kawo wayar tangaraho har ofishin nan. Rabin zauren suka ɗaga wayoyinsu sama, ya leƙo ta saman takarda ya gyaɗa kai.

"To, wannan an cika."

Ya ce za a kawo lantarki. Aka ce an kawo, yana zuwa Talata da Asabar. Ya ce gwamnati ta ɗauki aniyar shimfiɗa kwalta daga tasha har bakin kogi kafin damina mai zuwa. Nan fa zaure ya ɗauka.

"Wace daminar, Bwana?"

"Muna nan muna jira!"

"A bar shi ya faɗa, wallahi ya fi na yanzu iya faɗa!" in ji Che Ndembo.

Tsohon bai ji haushi ba, sai ma ya sake karanta wurin don daɗin tafi. Matewere dai bai ji rabin jawabin ba. Yana tsaye gefen labule, hannu a baya, idonsa a kan zobba. Tunaninsa ɗaya: kada su cije. Kada igiyar ta tsinke a hannun mutum, a ce masinja ya yi shekara ashirin da uku yana gadin ruɓaɓɓen zare.

Shafi na tara ya ƙare. Onarabul ya taka a hankali, Mayi Msowoya na riƙe da gwiwar hannunsa. Matewere ya ɗago tuntun da hannu biyu ya miƙa, ya ja da baya taku ɗaya.

"Da ikon da aka ba ni," in ji tsohon, ya ɗan tsaya, "a wancan lokacin, na buɗe wannan zaure."

Ya ja. Labule ya zame sumul, ko ƙara bai yi ba. Matewere ya dubi agogonsa: sha ɗaya da kwata.

Allon na nan yana ƙyalli kamar jiya aka kafa shi, bango duk ya dafe sai shi kaɗai. Matewere ya karanta sunan, ya karanta ranar. A ƙasa akwai wani layi da ƙananan baƙaƙe wanda ya manta da shi sam, ya matsa ya karanta a bayyane ba tare da ya yi niyya ba: an gina shi da hannun mutanen Kalambule. Nachisale ce ta fara rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa, mai ganga ya saki hannu. Matewere ya ciro hankici ya ce ƙurar labule ce ta shiga masa ido.

"Wace ƙura?" in ji Che Ndembo. "Labulen da kake lasa duk Litinin? Kai ɗan Ngoni, duba nan, kwanan watan ma ba daidai ba ne."

"Kwanan wata daidai yake. Mu ne muka makara."

Onarabul ya kamo hannunsa. "Wannan bawan Allah, shekara nawa ka yi kana aiki a zauren nan?"

Matewere ya sake duban agogo. "Minti huɗu ke nan, Bwana."

Da hayaniya ta lafa ya hau benci ya zare labulen daga zobba. Sai a hannu aka ga abin da rana ta yi: gabansa ya koɗe ya koma kalar shayi da madara, bayansa kuwa ja wur kamar ran da aka yanko shi. Mayi Msowoya ta dafe kai.

"Wannan zan kai gaban babban baƙon gobe?"

"Kawo nan," in ji Che Ndembo. "'Yata ce, na san halinta." Ya tsallaka baranda, ya farke lanƙwasa, kafur ya zubo kamar ƙanƙara, ya juya ciki waje ya bi da keke. Kafin a gama wanke hannun cin abinci ya dawo da shi sabo. Matewere ya ninke shi huɗu, ya rubuta a littafin kai saƙo, labule ɗaya, ja, ya miƙa wa sakatariya ta sa hannu.

Nachisale ta yanka zakaranta, aka ci da tuwo a barandar zaure. Onarabul ya ci cinya biyu, ya tambaya ko akwai wani ginin da ba a buɗe ba a kusa. Mayi Msowoya ta ce babu, da sauri, ta kuma ba da motar hukuma a mai da shi gida tun rana na sama, don Matewere ya gaya mata zancen ludayi.

Ƙarfe huɗu da rabi aka fitar da fayil na ƙarshe. Ta miƙa wa Matewere makullai.

"Ka rufe, Bambo. Gobe da safe ka kai wa mutanen noma."

"To, Mayi."

Ya bi tagogi ɗaya bayan ɗaya ya sakaya. Ya share ɓawon gyaɗar da mutane suka zubar, ya tsaya gaban allon ya hura masa iska ya goge da hannun riga. Ya fito ya jawo ƙofa. Che Ndembo na can ƙetaren titi yana lulluɓe kekensa.

"Mijin labule! Allah ya ji ƙan zaure. Ban taɓa ganin gini mai gajeren kwana irin wannan ba. An buɗe da hantsi, an rufe da la'asar. Awa biyar!"

Matewere ya zura makulli, ya murɗa sau biyu, ya girgiza ƙofar ya ji ta kama.

"Biyar da kwata," ya ce.